Bin Tuje da Kan Burtu

Malam Madori gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da layin dogon Kano ya ratsa nan ya isa Nguru a 1930, tashar garin ta zama inda gyaɗar ƙasar Haɗeja ke hawa jirgi, fatake da 'yan kamasho suka cika wurin. Mu da muka tashi a ƙauyen da ke bayan tashar kuwa, abin da muka fi sani shi ne garin yana zaune tsakanin ƙasa iri biyu. In ka nufi wajen Gumel da Maigatari, yashi ne da jigayi, sabara da kalgo da aduwa, ƙasar gero da wake. In ka juya wajen Haɗeja, tafiyar awa guda da 'yan kai a keke, sai laka da burgu da bado, fadamar da kogi ke shafewa duk shekara. Kowace ƙasa da tsuntsayenta, kuma kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya san hanyar kowanne.

Manomi ne da damina, maharbi da rani. Da zarar ruwan farko ya sauka sai ya shafe bindigarsa da man gyaɗa, ya naɗe ta da tsumma, ya soke a rufin ɗaki, ba zai sake taɓa ta ba sai an kai amfanin gona gida. Dalilinsa guda ne: da damina zabuwa ke ƙwai, wanda ya harbe uwa a kan ƙwai kuwa garke ya kashe. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, amma ban taɓa jin ya ambace ta ba. Tsoronsa Sarkin baka ne, da bakin 'yan uwansa maharba.

Bindigar adaka ce, ƙirar maƙeri, irin wadda ake wa laƙabi da harbi-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma a daka, a zuba 'yan ƙwallayen ƙarfe da yake roƙa wajen mai gyaran keke, a sake toshewa da tsumma. Harbi ɗaya take yi, kuma ba ta cin nisa. In abin harbi ya wuce taku talatin, asarar albarushi ce kawai. Wannan rauni na bindigar shi ya tilasta wa maharban zamanin sanin halin tsuntsu, domin dole ka je kusa da shi har ka ga ƙiftawar idonsa. Hanyar zuwa kusa ita ce burtu.

Wanda bai san shi ba, burtu tsuntsu ne baƙi, babba, mai dogon baki da tudu a goshi, yana yini yana taku a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharba sai suka ari kansa. Na kawuna na itace ne da aka lulluɓe da baƙar fata, bakin kuwa na burtun gaske ne, an manna jajayen 'ya'yan idon zakara a maƙogwaro, da igiyar fata ta ɗaurawa a goshi. Ya gaje shi daga mahaifinsa. In ya ɗaura, ya yafa baƙin bargo, ya durƙusa cikin ciyawa, abin da ke leƙowa sama wuyan tsuntsu ne kawai.

Da zabin daji na fara bin sa, ina ɗan aji biyar a firamare. Aikina ɗaukar gorar ruwa da burgami, da yin shiru, wanda shi ne mai wuyar. Farautar zabo ba ta da wani dogon labari. Suna kwana a kan gawo ko kanya, su sauko da sassafe su bi gonakin da aka girbe, da hantsi su yi wankan ƙasa a inuwa. Wanda ya san makwancinsu da mashayarsu ya gama rabin aiki. Kawu kan ratsa gefen garken da burtunsa, ya jira su haɗa kai wuri guda, ya saki wuta, biyu ko uku su faɗi. Nan take zai yar da bindiga ya zaro wuƙa ya ruga, saboda ko da ya yi bisimilla kafin ya ja kunama, bai yarda tsuntsu ya mace ba a sa masa wuƙa ba. Naman ya fi na zabon gida duhu da tauri, romonsa kuma ya fi ƙamshi. Har yau ban canza ra'ayi a kan wannan ba.

Tuje shi ne wanda ake kwana ana zancensa. A duk tsuntsayen tudu da muke ci babu mai girmansa. Namijin da ya ƙoshi yana kusan kilo 10, in ya miƙe wuya ya kai ƙugun babban mutum. Launinsa na busasshiyar ciyawa ne, wuyan toka-toka. Ba ya shiga sarƙaƙiya, fili yake so, inda zai hango mai zuwa tun daga nesa. Kuma ba shi da garaje. In ya gan ka ba zai tashi ba, sai ya juya ya kama tafiya a natse, kai kana matsowa shi yana ƙara gaba, tazarar da ke tsakaninku ba ta raguwa. Sai ka matsa masa sosai zai ɗan yi gudu ya buɗe fukafukai, in ya tashi kuwa ka yi sallama da shi ran nan.

Wani hunturu, ina jin shekara biyu kafin yunwar 1984, wani Bafulatani da ke kiwo arewa da mu ya biyo ta ƙofar gida ya ce ya ga tuje biyu a wata jigawa, kwana uku a jere suna kiwon fara a wuri guda. Kawu bai ce komai ba sai godiya. Da dare ya je ya gaya wa Sarkin baka inda zai shiga. Wannan ƙa'ida ce mai ƙarfi, domin mai sanye da burtu yana iya ruɗin wani maharbin kamar yadda yake ruɗin tsuntsu, kuma an sha ba da labarin wanda ɗan uwansa ya ɗirka wa wuta a haka.

Mun fita tun kafin kiran assalatu, muka yi sallah a daji da taimama. Sanyi yana shiga har ƙashi, hazo ya rufe ko'ina. Da gari ya waye sosai sai ya tsaya ya nuna mini sawu a yashi: yatsu uku, gajeru masu kauri, babu na baya.

"Ka gani? Na jiya da yamma ne. Hau can gindin aduwar ka zauna. Ko kunama ta harbe ka, kada in ji bakinka."

"To, Kawu."

Daga kan jigawar ina ganin komai. Na daɗe ina zare ido ban ga tsuntsun ba, sai da ya motsa wuya. Yana can tsakiyar fili, shi kaɗai, yana taku ɗaya-ɗaya. Kawu ya duba inda iska ke kaɗawa, ya ɗaure guntayen tayar mota a gwiwoyinsa saboda ƙarangiya, ya ɗaura burtu, ya shige ciyawa.

Abin da na gani ran nan shi ya sa nake wannan rubutu. Bai nufi tujen ba ko kaɗan. Gefe ya yi, ya ba shi baya ma, yana sunkuyar da kai yana caccakar ƙasa, ya ɗago, ya karkata baki hagu da dama, ya yi taku uku ya tsaya. Wani lokaci ya yi nisa har in ce ya fasa, sai in ga ya kewayo ta wani ɓangaren, tazarar ta ragu da taku goma. Tujen yakan tsaya cak ya miƙe wuya ya zuba masa ido, shi kuwa sai ya ƙara dukufa kan kiwonsa na ƙarya, har sai tsuntsun ya saki jiki. Rana ta taso ta kore hazo, sanyi ya koma zafi, ƙafata ta yi sanyi ta mutu, mutumin nan yana rarrafe da bindiga a ƙarƙashin bargo.

Ya kusa shiga tazarar harbi sai ga baƙi. Burtu biyu na gaske, mace da namiji, suka ɓullo daga bayan wata sabara. Namijin ya hango wani baƙon burtu a filinsa, ya kumbura maƙogwaro, ya nufo shi gadan-gadan. Ina kallo Kawu ya ƙame. In ya motsa hannu ya kore shi, tuje ya gane. In ya tsaya, wannan baki mai kama da lauje zai sauka a goshinsa. Burtun ya zo har kusa, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, sai ya hango ido da gemun mutum a ƙarƙashin bargo. Ya yi wani tsalle da baya, ya buɗe fukafukai fararen gashinsa suka bayyana, ya ruga, matar ta bi shi. Kafin ƙura ta lafa tuje ya riga ya hau iska, yana kaɗa fukafukai a hankali, ya nufi arewa.

Dariya ta kusa kashe ni a gindin aduwa, ina toshe baki da riga. Da ya iso, gwiwoyinsa duk ƙaya, ya kwance burtun ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Wannan dai ya shaida aikin babana ya yi kyau." Ya karɓi gora ya sha ruwa. Da muka koma gida hannu rabbana, kakata ta dube ni ta ce, "Maigidan, yau kuma da me za mu yi miya? Ko sakina za ka yi ka huta?"

Bai haƙura ba. Ya ce tuje mai komawa inda ya sami fara ne, in dai ba a harbe shi an kuskure ba. Bayan 'yan kwanaki muka koma, muka same shi gaba kaɗan, kusa da wasu bagaruwa inda yake tsintar ƙaro. A wannan karon ya sa ni aiki. Ya ce in zagaya can nesa ta gabas, in yi ta tafiya a fili ina 'yar waƙata, ina karyar itace, kada in dubi wajen tsuntsun ko sau ɗaya. Tuje ya saba ganin yara masu itace da makiyaya. Zai sa mini ido, ya riƙa jan jiki yamma, inda burtun ƙarya ke jiransa. Haka kuwa aka yi. Ban ga harbin ba, tunda an hana ni dubawa. Ƙara na ji, na juya na ga farin hayaƙi ya turnuƙe, Kawu ya fito daga cikinsa a guje, burtu na lilo a goshinsa, wuƙa a hannu. Fiffike ɗaya ya karye, amma tsuntsun ya zuba gudu da ƙafa, sai da suka yi tsere na gaske kafin ya faɗa kansa da bargo.

Na gwada ɗaga shi da hannu ɗaya na kasa. A wuya na saɓo shi, ƙafafunsa na dukan cinyata, kuma na ƙi yarda a karɓe ni har cikin gari, don kowa ya gani. Da aka feɗe, cikinsa fara ce fal, da ƙaro, da wani ɗan ƙadangare. Rabon naman ya fi cin naman daɗewa: cinya guda ta Sarkin baka, ƙirji a raba da liman da mai unguwa, a aika wa Bafulatanin da ya kawo labari, maƙwabta kowa da 'yar tsokarsa. Abin da ya rage mana bai fi na zabo biyu ba. Kakata ta ce ta fasa kai ni ƙara wajen alkali.

Fadama kuwa wata duniya ce. Wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, in ruwa ya fara ja shinkafa ta nuna, manoman wajen Haɗeja da kansu ke aiko wa maharba, saboda ɗinya da kirinjijiya na sauka cikin dare su yi ɓarna. A nan burtu ba shi da amfani. Wani masunci abokin Kawu kan ɗauke mu a kwalekwale tun cikin duhu, ya tura mu cikin burgu, mu kwanta ruwa na taɓa haƙarƙari, sauro a sama, matsattsaku a ƙasa. Kirinjijiya ake fara ji, da fito-fitonsu, garke bayan garke. Ɗinya sai gari ya fara haske take wucewa, ƙasa-ƙasa, baƙa da farin ciki, nauyinta har a ƙarar fukafukanta. Tana da ƙaho mai tsini a gwiwar kowane fiffike, kuma wadda aka raunata ba ta da wasa. Akwai tabo a damtsen masuncin nan da ya ce aikinta ne. Cikin ƙananan agwagin da ke zuwa da hunturu, wata rana aka sami mai zoben ƙarfe a ƙafa, da lambobi da rubutun boko. Malaminmu na makaranta ya ce daga Turai ta taso, ta ƙetare Sahara. Kawu ya jinjina kai, ya ce ashe baƙuwa ce, da ya sani da ya bar ta ta huta.

Farautar gayya ta bazara, mai ganga da karnuka da kere, wadda ƙauyuka ke haɗuwa su kewaye daji, na je ta ni ma. Hayaniya ce da ƙura da rigima kan wanda karensa ya fara kama zomo. Kawu ba ya son ta, ya ce wannan kora ce.

Daga 1984 labarin ya juya. Damina ta gaza shekara biyu a jere, gero ya bushe a tsaye, kogi bai fito fadama ba sai kaɗan. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ya shiga daji. Aka kafa asuta a kowace mashaya, aka bi zabi har makwancinsu da tocila, aka kwashe ƙwai da damina, wasu a ci, wasu a sa wa kaza. Ba na zargin kowa; mai yunwa ba ya jiran kaka. Amma da ruwan sama ya dawo, dajin bai dawo ba. Itatuwan da zabi ke kwana an sare an sayar, saurukan da tuje ke kiwo sun zama gonaki, mutane sun ƙaru, bindigar bature mai harsashi ta yawaita.

Ruwan fadama ma an riga an riƙe shi daga sama. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta kogin Challawa ta biyo baya a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Masu auna ambaliya sun nuna cewa a 1974 ruwa ya shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar Haɗeja da Nguru, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. Sannan sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, maimakon cika da janyewa irin na da, ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Kacalla kuwa gidan janbaki ce, tsuntsun da ke cinye shinkafa da alkama ba ya ƙosar da kowa. An yi ƙoƙarin ceto: shirin kare fadamar ya fara a 1987, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989, dajin Baturiya da ke Kiri Kasamma ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008. Agwagin ruwa sun ɗan amfana, har yanzu suna zuwa. Tsuntsayen tudu ba su sami mai tsaya musu ba. Tuje kuma ƙwai ɗaya ko biyu yake yi a shekara, a ƙasa, a fili. Irinsa in ya ragu ba ya saurin farfaɗowa.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata ya nuna mini bidiyo a wayarsa, na farautar talotalon daji a Amurka. Na kalla har ƙarshe, don na ga sana'ar kawuna a hannun wasu. Mutum ya sa tufa mai launin ganye, ya jingina da itace tun asuba, ya kafa talotalon roba a gabansa, yana goga wani ɗan akwatin katako da ke kukan mace, har namiji ya taho yana baza wutsiya. Yaudara ce da haƙuri, iri ɗaya da tamu. Abin da ya tsaya mini shi ne tarihin tsuntsun. Wajen 1930 sun kusa ƙarar da shi, saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. A 1937 suka yi dokar da ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsashi, kuɗin ya tafi gyaran daji. Daga baya suka riƙa kama na daji da raga suna kai su inda suka ƙare, suka ƙayyade lokacin harbi da adadin da mutum zai ɗauka. Zuwa farkon shekarun 2000 ana ƙiyasta talotalon daji kusan miliyan 7, a kowace jiha ban da Alaska. Maharba ne suka biya, su ne kuma suka tsare. Rufe farauta lokacin ƙwai ba sabon abu ba ne a wurinmu, na ga mai yin sa ba da takarda ba. Abin da muka rasa shi ne mai hana wanda ya ƙi, tun da maganar Sarkin baka ta daina wuce ƙofar gidansa. Da idona na ga hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari aka watsa a bakin ruwa, aka kwashe agwagi a buhu aka kai kasuwa.

Kawu ya rasu shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Bindigar da burtun suna wajen ɗansa na uku, wanda yanzu yake cikin 'yan sintiri, kamar yawancin maharban yankin. Dare yake bi yana tsaron shanu da babura. Da na je gaisuwar Sallah na tambaye shi ko ana ganin tuje. Ya ce shi dai rabonsa da sawunsa tun yana saurayi, amma wasu Fulani da suka sauko kasuwar Maigatari ran Alhamis sun ce akwai shi can cikin Nijar, kuma yana neman wanda zai ara masa babur mai ƙarfi bayan kaka.

Na ce, "In ka same shi, harbi za ka yi?"

Ya ce, "Yaya, bari dai in gan shi tukuna."